Yadda Ake Sayen Motar Hannu, A Kuma Iya Riƙe Ta

Duk wanda ya taɓa riƙe mota zai gaya maka cewa kuɗin da aka ƙirga ranar ciniki shi ne mafi sauƙi cikin abin da za ta ci. Sauran na nan tafe: fetur, juyen baƙin mai, tayoyi, inshora, sabunta takardu, da gyaran da ba ya sallama kafin ya shigo. Don haka aikin farko a gida ake yin sa, da biro da takarda, tun ido bai ga fenti ba.

Fara da lissafi

Ka rubuta kilomita nawa kake ci a wata. A ce kilomita 1,500 ne. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta sha maka lita 120. Wata mai babban inji da ke shan lita 13 za ta sha 195. Bambancin lita 75 ne a wata, lita 900 a shekara. Ka ninka wannan da farashin lita a inda kake, ka dubi adadin da kyau, sannan ka tambayi kanka ko girman injin nan zai yi maka wani aiki da ƙaramin ba zai yi ba.

Bayan haka, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ni a ganina, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ya kamata ya zauna a gefe, domin motar hannu ba ta shigowa gida ba tare da wata buƙata ba, ko da mai ita na farko mutumin kirki ne.

Game da irin motar da za ka nema kuwa, kanikawan da ke kusa da kai sun fi kowa sani. Ka je gareji biyu ko uku ka tambaya: wace mota ce kayanta ke samuwa ba wahala, kuma wacce ce kowa ya iya gyaranta? Mota mai kyau wadda sai an yi wata guda ana jiran kayanta daga wata ƙasa, ajiya ce ka saya. Ka kuma yanke shawara tsakanin giyar hannu da otomatik. Ta hannu ta fi sauƙin gyara. Otomatik ta fi daɗi a cunkoso, amma in giyabos ɗinta ya lalace, aljihu zai ji a jikinsa.

Takardu kafin komai

Da ka isa wurin motar, ka nemi takardu kafin ka buɗe ƙofa. Kowace mota da aka ƙera tun daga 1981 zuwa yau, a mafi yawan ƙasashe, tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma galibi an buga ta a jikin ƙarfen motar. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, an cire su don kada a rikita su da 1 da 0. Ka karanta ta harafi-harafi, ka gwada da ta takarda. In ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare wurin ko an sake liƙa farantin, ka yi sallama ka tafi. Babu arahar da ta kai a jawo wa kai motar sata ko wadda ake bin ta bashi.

Sunan da ke takardar ya zama na wanda ke sayarwa, ko kuma a nuna maka shaidar cewa mai ita ne ya wakilta shi. Da lambar shasin nan kuma za ka iya bincika a intanet ko motar ta taɓa mummunan haɗari, ko kamfanin da ya ƙera ta ya taɓa kiran irinta don gyaran wani aibi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jakunkunan iska (masu kumbura su kare mutum in an yi karo) na kamfanin Takata, waɗanda kan fashe su watsa ɓaraguzan ƙarfe, sun sa an janye miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, kuma har yanzu akwai tsofaffin motocin da ke yawo ba a canza musu ba.

Ka je da safe, inji a sanyaye

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan aka fi cutar mutane. Ka gaya wa mai motar tun da wuri cewa kada a tayar da ita kafin ka zo. Da ka iso, ka ɗora tafin hannunka a kan bonet.

Motata ta biyu ce ta koya mini wannan. Na je duba ta da yamma bayan na tashi aiki, na tarar bonet da ɗumi. Mai sayarwa ya ce yanzu ya ɗan zagaya da ita saboda batir. Inji na ta aiki lafiya lau, ko tari babu, na biya. Kwana uku bayan nan, da asuba, na murza makulli sai ga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ga shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Bakanikena ya zaro sandar gwada mai, ya shafa man tsakanin babban yatsansa da manuni, ya ja su a hankali man na bin su kamar zare. Ya ce, "Maigida, wannan mai mai kauri aka zuba mata don ya rufe ƙarar. Da ka kira ni tun ranar, da ba mu kai nan ba." Abin da na kashe a kan injin nan ya kusa rabin kuɗin motar.

Inji mai ciwo da sanyin safiya yake faɗin gaskiya. Kuma kada ka je kai kaɗai, kada ka yarda da bakaniken da mai sayarwa ya kawo. Ka zo da naka, ka biya shi ladan ranarsa.

Kafin a tayar, ga abin da za ku duba a ƙarƙashin bonet. Ku zaro sandar mai, ku goge, ku mayar, ku sake zarowa: man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu, ba ƙurar ƙarfe mai ƙyalli a cikinsa. Ku buɗe murfin da ake zuba mai ku leƙa bayansa. In akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar madara, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai, wato gaskit ɗin saman inji ya ƙone. Wani lokaci gajerun tafiye-tafiye kan tara irin wannan danshin, amma ruwa ba ya tsami banza, sai an bincika. Ku buɗe lagireto tunda a sanyaye yake: ruwan ya zama mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, ba jan tsatsa ba, kuma ba mai yana yawo a samansa. Injin da aka wanke fes yana ƙyalli shi ma abin tambaya ne, don wanki na ɓoye yoyo. Ku leƙa ƙasa inda motar ta kwana.

Sai ka murza makulli rabi, ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gargaɗi na allon gaban direba su kama: ta mai, ta batir, ta inji, ta ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya), ta jakar iska. Da inji ya tashi, su mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin akwai masu cire ƙwan ko toshe shi don kada a ga laifin.

Yanzu a tayar, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa, fetur ne ya yi yawa. Ɗan tururin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace, wannan ba komai.

In motar ba tsohuwa ce sosai ba, tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari da ake kira OBD. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Bakanike zai jona na'ura ya karanta laifuffukan da kwamfutar motar ta ajiye. Ka ce ya duba ko an goge su kwanan nan, domin na'urar kan nuna cewa gwaje-gwajen cikin motar ba su kammala ba in an yi sharar jiya-jiya.

Bodi da ciki

Da rana tsaka ake duba fenti, a fili, ba a rumfa ba kuma ba bayan ruwan sama ba. Ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye, za ka ga inda ya yi tudu ko kwari. Ka gwada tazarar da ke tsakanin ƙofofi, bonet da but: in wani gefe ya fi wani faɗi, an taɓa bugawa an miƙe. Ɗan mayen ƙarfe da aka naɗe a ƙyalle yana taimakawa, inda aka cike lotsawa da fila kafin a yi fenti ba ya kamawa sosai, sai dai ka sani ba ya kama alminiyom ko roba ko da lafiyarsu ƙalau. Ƙaramar kwarzana ba abin damuwa ba ce. Abin gudu shi ne shasin da aka yi wa walda ko tsatsa ta ci, don haka a hau da motar kan ramin gareji a haska tocila.

Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa kyan ɗan maciji gare ta. Ka ɗaga kafet, ka ɗaga safaya a but, ka nemi busasshen laka. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai zanen ruwa. Ka shinshina. In an fesa turare ya yi yawa, ka tambayi me ake rufewa. Irin wannan mota wayoyinta za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji.

Maleji kuma ana juya shi baya, har na zamani mai lambobin lantarki. Motar da ake hawa kullum takan ci kamar kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara. In an ce maka shekararta 12 amma kilomita 60,000 kawai ta yi, ka dubi robar fedar birki, fatar sitiyari da gefen kujerar direba. In sun siɗe sun yi santsi, su ka gaskata.

Hau ka tuƙa

Minti biyar a layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla rabin awa, ka kashe rediyo, ka roƙi mai motar ya ɗan yi shiru. Ka bi hanya mai gargada ka saurari ƙasa. Ka hau babban titi ka kai kilomita 80 ko 100 a awa, ka ji ko sitiyari na rawa. A wuri mai aminci ka sassauta riƙo ka ga ko tana janyewa gefe, sannan ka taka birki da ƙarfi: kada feda ta nutse, kada ta yi ta bugun ƙafarka a birki na yau da kullum. Ka sami fili ka karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, gaɓar shaf ɗin tayar gaba ta ci. A otomatik, giya ta riƙa shiga ba fizga ba jinkiri, har da ribas. A ta hannu, in ka taka totur inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Duk tsawon tafiyar idonka na kan allurar zafi. Da kun dawo, ka bar ta tana aiki a tsaye da na'urar sanyaya ɗaki a kunne na minti goma, ka ga ko fanka na tashi.

Duk abin da kuka gano, bakanike ya ƙiyasta kuɗin gyaransa, da wannan takardar za ka yi ciniki. In mai sayarwa ya hana gwaji, ko ya ce wani na hanya da kuɗi a hannu, ka bar wa wanin. Ba a cinikin biri a sama. In kun daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, maleji, adadin kuɗi, kwanan wata da sa hannun shaidu. Ka biya ta hanyar da ke barin shaida, ka karɓi makullai duka, ka mayar da takardu sunanka ba tare da jinkiri ba, ka yi inshora kafin ka fara yawo.

Makon farko

Ka ɗauka cewa duk abin da aka gaya maka game da sabis ɗin baya, in babu rasit, ba a yi ba. A juye baƙin mai a canza filtarsa, a canza filtar iska, a duba fulogi, man birki, man giya da ruwan lagireto. Sannan babbar tambaya: injin nan bel ne ke juya taiminsa, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ko sarƙa? In bel ne, yawancin kamfanoni na cewa a canza shi a wani wuri tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai hakan ba. A injuna da yawa, in ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, inji ya tashi aiki nan take. In ba ka da tabbacin yaushe aka canza, ka canza.

Ka nemi littafin motar. In ya ɓata, galibi ana samunsa a intanet kyauta. Abin da ke ciki ya fi "haka muke yi" na kowa.

Riƙon yau da gobe

Baƙin mai shi ne jinin inji. Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-30, kaurinsa suke nunawa: ta farko a sanyi, ta biyu a zafin aiki. Ka zuba wanda littafi ya ce. Injunan zamani ƙofofin mansu ƙanana ne, mai mai kauri ba ya isa ko'ina da wuri, musamman a daƙiƙoƙin farko bayan tayarwa, lokacin da inji ya fi cin kansa. Tazarar juye ta danganta da mota da irin man, amma in kana yawan shiga ƙura, cunkoso ko gajerun tafiye-tafiye, ka bi gajeriyar tazarar da littafin ya ware wa aiki mai tsanani. Ka riƙa zaro sanda kowane mako biyu, a wuri mai daidai, inji a kashe. In jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka gangara ka kashe nan take. Ba "bari in ƙarasa gida" a wannan.

Ruwan lagireto ba ruwan famfo zalla ba ne. Wanda aka haɗa da sinadari yana hana tsatsa kuma yana ɗaga matakin tafasa. Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos. In an cire, zai daɗe bai kai nan ba, ya ƙara shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Taya ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa, amma ita aka fi yi wa rowa. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Na taɓa tsugunawa da wani mai faci a gaban tayar da zanenta ke nan raɗau kamar sabuwa. Ya tofa yawu a yatsa ya goge ƙurar, sai ga 2312: mako na 23, shekarar 2012. Ya lanƙwasa gefen da hannu, ƙananan tsagogi suka buɗe kamar busasshiyar fata. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Daga shekara biyar zuwa shida a riƙa sa mata ido sosai, wadda ta kai goma kuwa a sauke ta ko yaya zanenta yake. Zurfin zane a dokar ƙasashe da dama bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba, amma ga mai tuƙi cikin ruwan sama gara a canza tun kafin nan. Iskar da za a sa tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Adadin da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba. A gwada da safe kafin taya ta yi zafi, sau ɗaya a wata, har da safaya. In gefe ɗaya na cinyewa kafin ɗayan, a je a yi alaimen.

Batir lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma wajen 14. In bai hau ba bayan an tayar, altaneta ce ba ta caji, sayen sabon batir ba zai warkar ba. Yawanci yakan yi shekara uku zuwa biyar, zafi kuma na rage masa kwana. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. In birki ya fara ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ranar za a je gareji.

Ka ajiye ɗan littafi a aljihun gaban mota. Duk juye, duk gyara, ka rubuta kwanan wata da maleji, ka soke rasit a ciki. Lokaci-lokaci ka cika tanki, ka rubuta maleji, in ka sake cikawa ka raba litocin da kilomitocin da ka yi. Ranar da shan mai ya tashi ba dalili, ka san wani abu ya fara taɓuwa tun kafin ya yi ƙara. Ranar da za ka sayar kuma, littafin nan zai yi maka ciniki.

In ta yi zafi a hanya

Wannan kan sami kowa, ko mai kula. Da ka ga allura ta doshi ja ko tururi na fita, ka kashe na'urar sanyi, ka gangara gefe inda babu haɗari, ka kashe inji, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar kusurwa uku a baya da nisa. Kada ka taɓa murfin lagireto. Ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, in ka buɗe fuskarka da hannunka zai nufa. Ka jira aƙalla rabin awa. In ya huce, ka sa ƙyalle mai kauri ka murɗa kaɗan iska ta fita, sannan ka buɗe. Ka duba tiyo ko ya fashe, bel ko ya tsinke, fanka ko tana juyawa. In ruwa ne ya ragu, ka ƙara a hankali, ka tayar kana kallon allura, ka lallaɓa zuwa gareji mafi kusa. In ta sake hawa, ko ka ga ruwan na zuba ƙasa kamar yadda kake zuba shi, ka kashe ka kira a ja ta.